Ƙanena tela ne mai farfaɗiya, mantuwa ta sa ana ce mashi maƙaryaci

Maman Sadik: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema, ku yi haƙuri da tsawon rubutun. Ƙanena tela ne, shekararshi 29, shagonshi na wajen Ƙofar Marusa. Yana da farfaɗiya tun yana sakandare, amma ba irin ta faɗuwa da kumfar baki ba, sau uku kacal muka taɓa ganin ya faɗi. Tashi ita ce yana cikin magana sai ya tsaya ƙyam, ido a buɗe, yana tanɗar baki, hannu na mutsuttsuka riga. Minti ɗaya ko biyu ya dawo, bai ma san an yi ba. Ya ce kafin ta zo yakan ji wani abu na taso mashi daga ciki zuwa maƙogwaro, wani lokacin da ƙauri kamar ana ƙona taya. Yana shan magani. Abin da ya ishe mu yanzu mantuwa ce. Mutum ya kawo shadda, ya ba da kafin alƙalami, bayan kwana goma ya dawo, yaron nan ya rantse bai taɓa ganinshi ba. Azumin bara ya yanka gezna ɗin wani da awon wani, ni na biya. Shekaranjiya muka yi faɗa kan dubu 40 da na ba shi ya kai ma Hajiyarmu, ya ce sam ban ba shi ba. Na gaya mashi maganganun da har yanzu suna damuna. Ciwon ne, ko maganin, ko kuwa hali ne ya canza?

Baban Walida: Wa alaikumus salam. Hajiya, ki yi haƙuri, ni ba na ɓoye-ɓoye. Shekarata 22 ina sayar da yadi a babbar kasuwa, ban taɓa ganin telan da mantuwa ba ta kama shi in Sallah ta gabato ba. Tambaya ɗaya: ya taɓa manta yadda ake zura zare a keke? Ya taɓa ɓata a hanyar majalisa? In a'a, to mantuwar tashi tana da ido, kuɗi kaɗai take gani. Ki binciki abokanshi, samarin teloli da yawa tiramadol suke haɗiya don su kwana aiki.

Maman Sadik: Alhaji, ko sigari bai sha. Amma batun ɗinki gaskiyarka, hannunshi na nan yadda yake, kaftaninshi ba mai kushewa. Abin da ya sa ni ma na fara zarginshi ke nan.

Nas Ɗan Daura: A yi tagin ɗin Likita. Kafin ya zo, Alhaji, ko ba ya sha maganarka ta yi amfani ta wani gefe: tiramadol da kanshi yana tayar da jijjiga ko ga lafiyayye, balle mai farfaɗiya. Ko ciwon baya ya kama shi kada a ba shi.

Likita: Na shigo. Maman Sadik, ba a gano cuta ta waya, amma yadda kika siffanta abin, tsayawa ƙyam, tanɗar baki, abu na tasowa daga ciki, ƙauri, duk sun yi kama da farfaɗiyar da ke tashi daga ɓangaren ƙwaƙwalwa na gefen kai, daidai saitin kunne. Cikin farfaɗiyar da ke farawa daga wuri guda a ƙwaƙwalwar babban mutum, ita ta fi yawa. Wasu kafin ta zo tsoro ke kama su haka kawai, wasu su ji kamar abin da ke faruwa ya taɓa faruwa sak.

Tambayar Alhaji ita ce tambayar da ta dace, sai dai amsar ba inda ya nufa take ba. A can cikin wannan ɓangaren akwai wani ɗan nama lanƙwasasshe, bai wuce tsawon ɗan yatsa ba, ɗaya a dama ɗaya a hagu, ana ce mashi hifokamfas. Alhaji, ka san yaron da ke rubuta maka littafin bashi a shago? To shi ne. Duk sabon abin da ya faru, wa ya zo, me ya kawo, nawa ya bayar, shi ke shigar da shi. In yaron bai rubuta ba, gobe ka buɗe littafi ka ce ba ka bin wane bashi, ba ƙarya ka yi ba, shafin ne babu komai. Iya ɗinki, tuƙa keke, hawan babur, waɗannan ba a littafin yaron suke ba, wasu sassan ƙwaƙwalwa ne ke riƙe da su. Hanyar majalisa kuma ya bi ta sau dubu, ta daɗe da zama.

Akwai Ba'amurke, Henry Molaison. A 1953, yana da shekara 27, likita ya cire mashi wannan wurin na dama da na hagu don farfaɗiyarshi ta ƙi magani. Farfaɗiyar ta lafa, amma har ya mutu a 2008 bai ƙara iya riƙe sabon al'amari ba. Brenda Milner, masaniyar da ta yi shekaru tana nazarinshi, ta sa shi bin zanen tauraro da fensiri yana kallon hannunshi ta madubi. Kullum hannun na ƙara ƙwarewa, kullum kuma cewa yake bai taɓa yin aikin ba. Tun daga kanshi aka gane cewa hannu na iya tunawa mutum bai tuna ba.

Baban Walida: To Likita, shi Baturen yanke mashi aka yi. Wannan wa ya yanke mashi?

Likita: Ba sai an yanke ba, tabo ya isa. Wurin yakan ƙanƙance ya taurare, kuma tabon ne kan zama tushen farfaɗiyar, ga shi kuma wurin ajiya. Maman Sadik, ki tambayi Hajiya ko yana ƙarami ya taɓa jijjigar zazzaɓi mai tsawo, ko sanƙarau, ko ya bugu a ka.

Maman Sadik: Na kira ta yanzu. Ta ce yana ɗan shekara biyu, da damina, zazzaɓi ya sa shi jijjiga kusan awa guda, suna ƙauye, sai hayaƙi aka yi ta yi mashi kafin a samu mota. Amma ai ya warke garau, shekara 12 ba a ga komai ba.

Likita: Haka takan yi, ta yi shiru shekaru sannan ta bayyana. Kada iyayen zaure su tsorata, yawancin yaran da ke jijjigar zazzaɓi ta 'yan mintuna ba abin da ke biyo baya. Mai tsawon ce abin gudu, shi ya sa muke cewa in ta haura minti 5 a nufi asibiti.

Uwar Biyu: Ban taɓa magana a zauren nan ba sai yau. Anti, ni mai ciwon ce, daga Daura nake, tawa ta biyo bayan sanƙarau na 1996. Abin da ƙanenki ke ciki na san shi ciki da bai. Na kai kuka asibiti, aka faɗa mani kalma uku, aka ɗan ja ni da hira, aka ce in maimaita, na maimaita tsaf. Aka ce lafiyata lau. Ni kuwa matsalata ba ta minti biyar ba ce. Yau zan riƙe magana har dare, gobe ma tana nan, bayan mako guda ta goge kamar an share allo. Ranar sunan 'yan biyuna ban da ita a kaina. Ga hotuna a waya, ga ni cikin leshi ina dariya, amma kamar wata nake kallo. Mun kai yara kallon hawan Magajiya, suna ta ba da labari, ni sai dai in ce haka ne don kada su gane. Wani lokacin ludayi na hannuna, na san aikinshi, sunan ya ƙi zuwa, sai in ce miƙo mani abin nan. Kishiyata cewa take rainin hankali ne, wai ban manta ranar girkina. Wallahi faɗuwa ba ta kai wannan ciwo ba. In ka faɗi ana tausaya maka, in ka manta kuwa sai a tuhume ka.

Maman Sadik: Innalillahi. 'Yar'uwa kin sa ni kuka. Kwana goman nan da nake faɗi ashe shi ne.

Likita: Uwar Biyu, na gode, kin faɗi abin da littattafanmu suka daɗe ba su kula da shi ba. Sananne ne yanzu: mutum ya ci gwajin rabin awa, amma cikin kwanaki ko makonni abin ya zube da sauri fiye da na kowa. Gwajin asibiti gajere ne, ba ya kama shi. Ɓacewar sunayen abubuwa kuma ta fi zuwa in ciwon na hagu ne, don a wurin mafi yawan mutane harshe a hagu yake. Na dama ya fi taɓa fuskoki da wurare, ko da yake rabon bai cika fita tsaf haka ba.

Gimbiyar Kwado: Ni fa gani nake maganin Bature ne ke daƙushe masu kai. Ɗan maƙwabciyarmu tunda aka ɗora shi kan ƙwaya ya zama kamar dolo, barci ba dare ba rana. Suka watsar, suka koma zuma da habbatus sauda da ruƙiyya, ga shi nan ya ware. Anti ku gwada ajiyewa wata ɗaya ku gani.

Nas Ɗan Daura: Don girman Allah kada a gwada. Na sha karɓar waɗanda suka ajiye magani rana ɗaya. Jijjiga ce ke zuwa bi da bi ba farfaɗowa, ana rasa rai.

Mai Kemis: Amma a yi adalci, Gimbiya ba ƙarya ta yi duka ba. Na tabbata fenobabiton aka ba yaron. Maganin tun 1912 ake amfani da shi, yana da araha, yana tsayar da jijjiga, amma yana sa nauyin kai da barci, yara kuma wasu ya sa su ƙiriniya. Topamax, shi ma maganin farfaɗiya ne, ya yi suna wajen ɓatar da kalma a baki. Tegretol ma in ya yi yawa akwai jiri da gani biyu-biyu. Maman Sadik wanne yake sha? In da hali a mayar da shi Keppra kawai, ba ya taɓa kai sosai.

Maman Sadik: Tegretol safe da dare, da wata 'yar ƙarama fara da dare, tun ta farko da aka ba shi yana aji uku ba a taɓa cewa ya daina ba.

Likita: Mai Kemis, bayaninka daidai, shawararka ce ban yarda da ita ba. Ba a canza maganin farfaɗiya a kan kanta kamar na mura. Keppra na da nashi, wasu yana sa su saurin fushi har gida ya gagara zama, kuma wanda ba zai iya sayenshi kowane wata ba gara bai fara ba. 'Yar farar nan ƙila fenobabiton ce, a kai kwalin a gani. In ita ce, mai yiwuwa likitanshi ya janye ta, amma a hankali cikin watanni, don tana cikin masu haɗari in an yanke su farat ɗaya.

Gimbiya, yaron maƙwabciyarku ya ware don an cire mashi abin da ke sa shi barci, ba don ciwon ya tafi ba. Ku lura da shi. Irin ta tsayawa ƙyam tana iya zuwa sau da yawa a mako ba wanda ya ƙirga, don ba faɗuwa. Kowace ɗaya tana share abin da ya faru daf da ita, sannan mutum ya yi mintuna ko awanni kai a dame. Ko tsakanin tashi da tashi, wutar ƙwaƙwalwa takan ɗan yi tartsatsi na daƙiƙu, hankali ya yanke ya dawo, ana mashi magana ya tsallake rabi. Abin da bai shiga ba kuma ba a neman shi a ajiya. Shi ya sa in an ce mani mantuwa, nakan fara da tambaya huɗu kafin in zargi tabon: tashi nawa ake yi a ɓoye, wane magani, yaya barci, yaya zuciya. Ciwon damuwa ya yawaita ƙwarai ga masu wannan farfaɗiyar, kuma shi kaɗai ya isa ya hana mutum tattara hankali. Yana da magani.

Mai Kemis: Na karɓi gyara, ranka ya daɗe. Amma ku ma likitoci ku riƙa duba tsohon kati. Mutum shekara 14 kan ƙwaya ɗaya ba wanda ya ce me ya sa.

Likita: Wannan kuma na karɓa.

Malamar Firamare: Batun hankali ya yanke ya dawo ya taɓa ni. Ina da yarinya a aji huɗu, in ana shifta sai ta tsallake layi guda cur, in na kira ta sai na yi sau uku. Na sha yi mata faɗa kan shashanci. Gobe zan nemi uwarta.

Likita: Ki neme ta, Malama, amma kada ki ce mata farfaɗiya ce. Rashin ji sosai, yunwa, ƙarancin jini, duk suna kawo haka. Ki gwada taɓa kafaɗarta lokacin. Mai tunanin banza zai zabura, mai ciwon ba za ta san an taɓa ta ba.

Malam na Rafindadi: Bismillah. Tunda an ambaci ruƙiyya bari in sa baki. Hadisi ya tabbata daga Ibnu Abbas cewa wata mata ta zo wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta ce tana farfaɗiya kuma tana yayewa. Ya ba ta zaɓi tsakanin haƙuri da Aljanna, ko ya roƙa mata waraka. Ta zaɓi haƙuri, ta nemi ya roƙa mata kada ta riƙa yayewa, ya roƙa. Ba a kore ta ba, ba a ce kada a ci abinci da ita ba. Addu'a a yi, amma wanda ya ce a ajiye maganin da likita ya ɗora ya ɗauki alhakin rai. Ni ɗalibaina in sun kawo mani mai wannan, asibiti nake fara tambaya.

Uwar Biyu: Allah gafarta Malam, salla fa? Kusan kullum sai na rasa raka'a ta nawa nake.

Malam na Rafindadi: Malamanmu na Malikiyya sun yi magana kan wanda kokwanto ya aura, wato yake zo mashi kullum. Ba zai yi ta ƙaro raka'a ba, ya kau da kai daga kokwanton, ya sallame, ya yi ba'adi. Amma in ciwon ne ya taso a cikin sallar har hankali ya gushe, alwala ta warware, in kin dawo daidai ki sake alwala ki sake sallar. Azumi kuma Allah ya yi rangwame ga marar lafiya, a tambayi likita kafin wata ya kama.

Likita: Malam ya kawo ni inda nake so. Maman Sadik, kin ce ɓarnar gezna a azumi aka yi. Tela a goman ƙarshe barcin awa nawa yake yi? Rashin barci na cikin manyan abubuwan da ke tayar da farfaɗiya, kuma a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke kwashe abin da aka tara da rana ta adana. Ga lokacin shan magani ya rikice tsakanin sahur da buɗa-baki. Bana ya rage karɓar ɗinkin Sallah, ko da rabi ne.

Ɗan Autan Zaure: Likita wai da gaske ana yin tiyata a warke? Bayan labarin Baturen nan ni dai ba zan yarda a taɓa mani kai ba.

Likita: Daga kanshi aka daina cire ɓangare biyun. Yanzu gefe ɗaya ake cirewa, bayan gwaje-gwaje masu yawa, kuma ga wanda magani biyu da suka dace suka kasa. A 2001 an buga wani gwaji daga Kanada kan mutum 80: bayan shekara, kashi 58 cikin 100 na waɗanda aka yi ma tiyata sun rabu da tashin da ke gusar da hankali, na magani zalla kashi 8. Amma tiyatar ba maganin mantuwa ba ce, in ta hagu ce ma tana iya ƙara ɓatar da kalmomi. Ƙanen Hajiya bai kai nan ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har kusan kashi 70 cikin 100 na masu farfaɗiya za su iya rabuwa da tashi in an gano ta daidai an ba su maganin da ya dace. A fara da daidaita nashi.

Uwar Biyu, ke kuma tunda kina cikin shekarun haihuwa: Tegretol na rage ƙarfin ƙwayar tazara da ashanar hannu, Epilim kuma na da haɗari ga ɗan da ke ciki. Kada ki daina komai da kanki, amma ki tayar da maganar a asibiti.

Baban Walida: To na ji, na janye batun ƙwaya, Allah ya ba shi lafiya. Amma Likita, ciwo ba ya biyan bashi. Wanda aka yanka ma gezna ba ruwanshi da hifo-me-ka-ce. In yaron shagon da ke cikin kai ba ya rubutu, a ɗauko na waje. Littafin rasit mai kwafi, kowane yadi a yanki ƙyalle a maƙala a shafinshi da suna da awo da lambar waya, mai kaya ya sa hannu. Kuɗi kuma kada ya ƙara karɓa a hannu, a yi tiransifa, alat ba ya mantuwa.

Uwar Biyu: Alhaji abin da ke riƙe da ni ke nan. Ƙararrawar waya na magani, ɗan littafi a kicin, in an aiko ni da saƙo in ce a yi mani boyis. Kuma a riƙa yi mana magana ɗaya-ɗaya, ba rediyo na yi yara na ihu a jero mani abu biyar ba. In na maimaita da bakina ya fi zama.

Likita: Alhaji yau ka fi ni ba da magani. Maman Sadik, abin da za ki kai ma likitanshi: bidiyon tashin in kun samu ɗauka, takardar da kuka rubuta ranakun da ta zo, da kwalayen duk abin da yake sha. Ki nemi a haɗa ku da likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, a nan Asibitin Koyarwa na Tarayya ko a Malam Aminu Kano, a duba yiwuwar awon EEG, wato awon wutar ƙwaƙwalwa, da hoton ƙwaƙwalwa na MRI. In EEG ya fito lafiya kada a ce ba komai, sau da yawa ba ya kamawa in ba a dace da lokacin ba. Kuma ku faɗi kalmar mantuwa da bakinku, in ba haka ba tambayar da za a yi maku ita ce ya faɗi ko bai faɗi ba, a sallame ku. Yana hawa babur?

Maman Sadik: Kullum, har Batagarawa yake kai ɗinki.

Likita: A ajiye shi tukuna. Minti ɗaya na tsayawa ƙyam a kan titi ya isa.

Admin: Masu turo tallan maganin gargajiya na goge, wanda ya ƙara zan fitar da shi.

Maman Sadik: Salam jama'a, na dawo bayan kwana biyu. Kuɗin sun fito. Yaron shagonshi ya gan su a aljihun keke, naɗe cikin ƙyallen atamfa, ko naira ba ta yi ciwon kai ba. Yaron ya ce ranar ina fita abin ya taso mashi, shi bai faɗa ba don ogan ya hana shi gaya ma kowa. Ya ce a mako yakan yi sau uku ko huɗu, mu muna ƙirga sau ɗaya a wata. Na je ba shi haƙuri, na ce ka yafe mani abin da na faɗa. Ya yi shiru, ya ce Yaya, ni dai na san tun ran nan ina jin zafinki a raina, na rasa dalili, har ina ta istigfari. Ban iya maimaita mashi kalmomin ba. Mun karɓi kati, Litinin za mu je, babur kuma yana gidana na ɓoye makullin.

Uwar Biyu: Haka yake Anti, maganar kan tafi ta bar zafin. Ki je da yaron shagon asibitin, ya fi ku sanin ciwon.

Baban Walida: Hajiya, akwai littafin rasit biyu a shagona da ban fara ba, layin 'yan yadi, ki tambayi Baban Walida kowa ya sani. Ki turo yaron gobe bayan azahar. Yaron fa na ce, ba ogan ba.